Dikko da Motar da Ke Mance Ciwonta

Duk yamma, in Dikko ya shigar da mota garejin Hajiya Kulu, ba ya wucewa gida sai ya buɗe bonet ya kwance kan batir. Akwai 'yar sifana da ke zaune a aljihun rigarsa saboda wannan aikin kaɗai, ta huda mashi aljifai har matarsa Tani ta gaji da ɗinki. Zai zare wayar, ya naɗe bakinta da tsumma, ya kwantar da ita gefe, sannan ya sauke bonet da hannu biyu. Tun yana koyon tuƙi ubangidansa ya gaya mashi cewa wutar batir na tsiyaya in mota ta kwana, ɓarawo kuma in ya murɗa ya ji shiru sai ya yi gaba. Bai taɓa tambaya ko har yanzu haka abin yake ba. Gidana na kallon garejin, a nan cikin Kankiya, in na ji ƙarar bonet ɗin nan na san lokacin alwalar magariba ya yi.

Asalinsa mutumin Rimaye ne. Ya ja motar kaya, ya ja ta haya tsakanin Katsina da Kano, daga baya ya zauna wurin mijin Hajiya Kulu, wanda ke sayen hatsi a ƙauyuka. Da mijin ya rasu Hajiya ta riƙe sana'ar, Dikko kuma ya ci gaba da jan tsohuwar akori-kurar gidan. Ba mutum ne mai yawan magana a kan kansa ba. Abu ɗaya na san yana ji da shi, shi ma sai hira ta yi nisa yake faɗa: tun da ya kama sitiyari bai taɓa kashe wa kowa mota ba. An sayar da wasu, wasu sun tsufa, amma babu wadda ta mutu a hannunsa.

Shekarun baya kaɗan Kabir, babban ɗan Hajiya da ke aiki a Kaduna, ya aiko wa uwarsa mota. 'Yar Kwatano ce, ta ɗan kwana biyu a duniya, doguwa, in an kwantar da kujerun baya tana cin buhuna. Otomatik ce. Ranar da ta iso Dikko ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

"Kabiru, an sace kuloci a hanya."

"Ba ta da shi, Baba Dikko. Ita ke canza giyarta da kanta."

"To wa ke gaya mata lokacin canji ya yi?"

"Ƙwaƙwalwa gare ta."

"Ita ƙwaƙwalwar wa ke gaya mata?"

Kabir ya yi dariya ya ce wannan kuma sai waɗanda suka ƙera ta. Dikko bai yi dariya ba. Tambayar ta zauna mashi. Ya koyi naɗe ƙafar hagu can ƙarƙashin kujera don kada ta fita neman abin da babu, ya kuma koyi kashe rediyo in sun fita gari, yana sauraron inda motar ke canji. Ya ce mani tana canzawa daidai wurin da shi ma zai canza, kuma wannan ne ya fi damunsa.

Akwai wata matsala da sabuwar motar ta zo da ita, ba ta inji ba. Malejin akori-kura ya mutu tun mijin Hajiya na da rai, saboda haka shekara da shekaru ana tafiya lafiya ba wanda ya san gudun da ake yi. Wannan kuwa malejinta na aiki. Hajiya na zaune a baya, ta tsakanin kujeru take hangen allurar, da zarar ta miƙe tsaye sai salati ya tashi.

"Dikko, ni ban yi wasiyya ba tukuna."

"Hajiya, keke ya wuce mu yanzun nan."

"Ya je. Shi ba ya da jikoki."

Bayan 'yan makonni sai na ga wani ƙaramin tawul shuɗi a shimfiɗe bisa fuskar malejin, ya rufe shi ruf, da allurar da ƙananan fitilun da ke kewaye da ita. Dikko ya ce wa Hajiya rana ce ke dukan gilashin tana kashe mashi ido. Ta yarda, ko ta nuna ta yarda. Aka koma tafiya cikin kwanciyar hankali.

Ciwon motar ya fara ne da kaka, lokacin wake. Suna zuwa Dudunni da safe lafiya lau, su yi lodi, su biyo ta Kusada. A hanyar dawowa, bayan la'asar, sai motar ta buga giya kamar an doke ta ta baya. Daga nan sai ta maƙale a giya ɗaya, inji na kuka, tafiya kuwa ta amalanken shanu. Haka za su lallaɓo har gida. Washegari Dikko ya ɗaura kan batir, ya murɗa, ta tashi sumul kamar ba ita ba.

Ya kai ta wurin Yakubu, bakaniken da ya fi kowa sanin giya a garinmu. Yakubu ya zaro man giya ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce man ba shi da laifi. Ya ja ta ya zagaya gari, ba ta yi ko tari ba. Da ya dawo ya miƙa mukulli yana murmushi.

"Baba, anya ba ƙafar hagun nan ba ce ke farkawa daga barci?"

Wasa ya yi, kowa a wurin ya san wasa ne. Amma magana in ta fita gareji ba ta tafiya da dariyar da aka yi ta da ita. Kafin ta kai Kaduna ta zama cewa tsoho bai iya otomatik ba, yana taka birki da totur lokaci guda, ya cinye giya. Kabir ya kira uwarsa ya ce a sauke giyar a sa wata, in an gama kwasar wake kuma Baba Dikko ya huta, ya riga ya samo wani direba.

Hajiya ba ta iya faɗa wa Dikko kai tsaye ba. Ta yi ta zagaye, ta yi zancen shekaru, ta yi zancen ciwon baya. Ya gane. Da yamma ya tsallako ya zauna kan bencin ƙofar gidana, ya daɗe yana juya sifanarsa.

"Malam Babba, hutu ba laifi ba ne," ya ce. "Amma ba da wannan sunan ba."

Ba shawara ya zo nema ba. Ya roƙi Hajiya kada a taɓa giyar tukuna, ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen wake.

A bayan tasha akwai Zainul Abidin, muna ce mashi Zainu, mai gyaran wayoyin mota. Magidanci ne, ya yi koyo a Kano, ya dawo da wata na'ura mai kamar babbar waya wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, mota ta faɗi abin da ke damunta. Dikko ya je da sassafe. Zainu ya soka, ya danna, ya jira.

"Baba, motarka ta ce lafiyarta lau."

"Ƙarya take yi."

"To ni dai abin da ta gaya mani ke nan."

Dikko da Hajiya suka sake komawa hanya, motar ta sake yi. Dikko ya sake zuwa da safe, na'ura ta sake cewa babu komai. Zainu ya fara sosa ƙeya, don shi ma ya san Dikko ba mai ƙirƙirar zance ba ne. A zuwa na gaba yana zaune a kujerar direba sai idonsa ya kai kan agogon rediyo, ya ga ya saɓa da na hannunsa nesa ba kusa ba. Ya tuna ya gyara shi wancan zuwan. Ya fita ya buɗe bonet. Notin kan batir ya sha sifana har kusurwoyinsa sun goge, yana ƙyalli.

"Baba, kana kwance kan batir?"

"Tun ba a haife ka ba."

"Kullum?"

"Har ranar salla."

Zainu ya zauna bisa wata tsohuwar taya ya dafe kai. Ya yi mashi bayani cewa in wani abu ya sami motar a hanya, ƙwaƙwalwarta na riƙe shi, ta jira wanda zai tambaye ta. Amma irin wannan mai ɗan shekaru, in aka raba ta da batir ta kwana, sai ta wayi gari ta mance. Wato duk yamma motar na shigowa da ƙorafinta a baki, duk yamma kuma Dikko na wanke mata shi da hannunsa.

Na yi zaton zai ji kunya. Da ya zo yana ba ni labari fuskarsa cike take da murna.

"Ka ji, Malam Babba? Ashe riƙe magana take yi! Ni ina ganin ƙarfe ne, ashe tana kwana da abu a ranta."

Zainu ya ce maimakon a jira safiya, gara ya bi su ya ga ciwon a kan hanya. Ranar da za su tafi ina da gaisuwar rasuwa a Dudunni, sai na shiga. Zainu a gaba da na'urarsa bisa cinya, ni da Hajiya a baya. Tafiya ba abin da ya faru. Aka yi lodin wake, na yi gaisuwata, muka yi la'asar, muka juyo. Mun wuce Kusada da kaɗan sai ta buga. Haƙorana sun haɗu. Inji ya ɗauki kuka.

Zainu ya dubi na'ura, ya dubi gaban Dikko, ya miƙa hannu ya yaye tawul ɗin.

Allurar maleji na kwance a ƙasa kamar motar na tsaye, alhali itatuwa na wucewa. Can ta zabura ta yi sama, ta yi rawa, ta sake faɗuwa. A gefenta wata fitila ruwan ɗorawa na ci.

"La'ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Dikko, ashe ni ka rufe wa ido, ba rana ba."

"Hajiya, ai ga shi ta ce ba mu motsi. Sai ki kwantar da hankalinki."

"Zan kwantar maka da shi in mun isa gida."

Zainu na dariya ya ce, "Baba, tun yaushe wutar nan ke kamawa?"

"Wace wuta?"

Zainu ya nuna da yatsa. Dikko ya sunkuya, ya kai fuskarsa kusa da gilashin fiye da yadda na zata, ya ɗago da sauri. Da Zainu ya ce ya lura mashi a kan wace lamba allurar ke faɗuwa, sai ya ce, "Kai ka duba, ɗana, ni hanya nake kallo." Gaba kaɗan akwai amalanke ɗauke da kara. Na daɗe da hango shi kafin ƙafar Dikko ta je birki. Na dubi Hajiya, na ga ita ma ba allurar take kallo ba.

Wannan karon na'ura ta yi magana. Zainu ya ce sensar gudu ce. Ya bayyana mana a hanya, yana ɗaga murya saboda kukan inji: a jikin akwatin giya akwai wani ɗan abu da aka soka, bakinsa na fuskantar wani ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da tayoyi. Yana jin wucewar haƙoran, yana aika wa ƙwaƙwalwa labarin gudun da ake yi. Da wannan labarin allura ke tashi, da shi kuma giya ke sanin lokacin canji. In labarin ya yanke, ƙwaƙwalwa ba ta san ko gudu ake ko tsaye ake ba, sai ta kama giya ɗaya ta riƙe don kada ta yi ɓarna.

Dikko ya bugi sitiyari da tafin hannu.

"Shi ne mai gaya mata! Malam Babba, ka ji shi. Na tambayi Kabiru tun ranar farko."

Washegari na bi su garejin Zainu, don ni ma abin ya shiga raina. Zainu ya ce na'ura ta nuna unguwa ne kawai, ba ta nuna gida ba: ko waya ce ta goge, ko soket ya yi datti, ko sensar ce da kanta. Ya shiga ƙarƙashi ya bi wayar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya girgiza ta, bai sami rauni ba. Ya zare soket ya hura, bakinsa tsaf. Sannan ya kwance noti guda ya zaro abin. Bai wuce babban yatsa ba, baƙi, bakinsa ya tara garin ƙarfe kamar gemu saboda maganaɗisun da ke ciki. Ya goge, ya ɗora mashi wayoyin mitarsa ta gwaji, lamba ta fito daidai yadda ake so.

"Lafiyarta lau ita ma," ya ce, ransa ya ɗan ɓaci. "Wataƙila dattin ne kawai. Mu mayar mu gani."

Dikko ya karɓe ta yana juyawa a hannu.

"Da safe ai kowa lafiyarsa lau. Ba ta taɓa yi mani a tafiya ba, sai a dawowa, da kaya, rana ta gasa ta. Ka tambaye ta tana da zafi."

Zainu ya dube shi, ya dubi teburin mai shayin da ke bakin tasha. Muka ɗunguma can. Aka karɓi kofin tafasasshen ruwa, Zainu ya tsoma bakin sensar, wayoyin mita na maƙale a ɗaya gefen. Dikko bai kalli mitar ba, fuskar Zainu yake kallo.

"Labarin ya tafi?" in ji Dikko.

"Tukuna... tukuna... ya tafi, Baba! Lambar ta ɓace."

Aka tsoma sensar a ruwan randa.

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

"Sake."

Aka sake. Aka kuma sake. Masu jiran mota suka taru, wani ya ce aljani ne ke tsoron ruwan zafi, wani ya ce a zuba mata madara ko ta ji daɗi. Daga ƙarshe mai shayi ya ce in wanka za a yi wa ƙarfen a kai shi gida, shi yana da masu jiran shayi.

Zainu ya ce a cikinta akwai wata waya siririya, ba ta kai gashin kai kauri ba, an naɗe ta kamar zare a jikin mazari. Wani wuri ta tsinke, amma bakunan na taɓa juna in da sanyi. In zafi ya buɗa abin sai su rabu. Dikko ya sa ya maimaita mashi wannan bayanin. Sannan ya tambaya ko shi Zainu ya taɓa ganin wayar da idonsa. Zainu ya ce a'a, a narke take cikin roba, ba a buɗewa, jefarwa ake yi.

"Kar ka jefar," in ji Dikko, ya sa ta a aljihu.

Aka kawo sabuwa daga Kano, Zainu ya ɗaura. Suka je Dudunni suka dawo da kaya fiye da na kullum, motar na canji ba a ko ji. Yakubu bakanike ya zo har gida ya ce bakinsa ne ya ja, a yafe mashi. Kabir ya kira a wayar Hajiya, ta sa a fili kowa ya ji.

"Baba Dikko, na yi maka laifi. Maganar wani direba a bar ta. Mota taka ce har sai ka ce ka gaji."

"Allah ya yi maka albarka, Kabiru. Ka dai ji ba ni na kashe ta ba?"

"Na ji, Baba."

"To shi ke nan."

Dikko ya ƙarasa kakar. Tawul bai koma ba, Hajiya kuma ba ta ƙara yin salati a kan allura ba, don a 'yan kwanakin nan allurar ba ta miƙewa. Ranar da aka sauke buhun ƙarshe ya wanke motar ciki da waje, ya zo ya ce in raka shi cikin gida. Hajiya na tsakar gida tana duba wake a faifai. Ya durƙusa ya ajiye mukulli a gefen tabarmarta.

"Mi ke nan? Kabiru ai ya janye."

"Na sani, Hajiya. Shi ya sa na kawo yau."

Ta ɗauki mukullin ta ɗaure a bakin zane, ta ce in sabon direban ya zo, tafiyarsa ta farko Katsina ce, zai kai Dikko wurin wani likita da Kabir ya sani. Ba ta faɗi likitan mene ne ba. Shi ma bai tambaya ba.

Kafin tafiyar ya riƙa zuwa zaurena da hantsi. Na yi kafinta a da, tsohon teburina na nan da abin matse katako a jikinsa. Ya matse sensar a ciki, ya samo guntun zarton ƙarfe ya naɗe gindinsa da tsumma, ya fara yanka robar a tsaye. Yana ja kaɗan, ya tsaya, ya shafa da yatsa, ya hure garin. So yake ya ga wayar nan, ya ga daidai inda ta tsinke. Zainu ya leƙo wata rana ya ce mashi ya kusa, daga nan in zarto ya zarce ko kaɗan zai yanke naɗin gaba ɗaya, ba za a ƙara gane tsinkewar asali ba, sai an bi da reza ana kallo. Dikko ya shafa wurin ya daɗe, sannan ya saki zarton a cikin tsagar ya ce a bar shi haka sai ya dawo daga Katsina.

An yi mashi aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai gaba. Daga asibiti babban ɗansa ya wuce da shi Rimaye, ya ce a can za a fi kula da shi, Tani ma ta tattara ta bi shi. Yana aiko mani da gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa, kuma kowane ɗan aike da saƙo guda yake ƙarewa, wai kada a taɓa mashi aikinsa.

Ba a taɓa ba. Nakan kewaye teburin in zan fita masallaci. Robar ta tsage har rabi, zarton na tsaye a ciki, kuma in rana ta shigo ta ƙofar zaure akwai wani abu ja siriri da ke ƙyalli a ƙasan tsagar.